Marsandin da aka sauya wa inji: yaya zan gano hannuwan da ta bi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Wani dillali ya kai ni wani gida a Jekadafari, nan Gombe, ya nuna mini tsohuwar Marsandi mai ƙofa biyu, irin wadda ake cire wa rufi. A bayanta an rubuta 450SL. An cire injinta an sa na Toyota, giyar ta hannu ce, fentin ja ne amma a cikin but na ga wani launi daban. Dillalin ya rantse motar wani babban mutum ce tun zamanin Jihar Arewa maso Gabas, shi ya sa ya tsauwala kuɗi. Takarda ɗaya suka nuna mini, lasin da ya mutu tuntuni. Ta ina zan fara bin diddigi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ajiye labarin babban mutum a gefe tukuna. Na shekara da shekaru ina duba tsofaffin motoci tsakanin Bauchi da Gombe, kuma da wuya in ga tsohuwar Marsandi da ba a jingina ta ga wani sarki ko kwamishina ba. Rantsuwar dillali la'adarsa take karewa.

Fara da ƙarfen. Rubutun 450SL ba hujja ba ne, kowane mai fenti zai iya manna shi. Abin nema shi ne lambar shasi, wato lambar da masana'anta ta ba gangar jikin motar. Buɗe bonet, za ka same ta a ɗan faranti da aka ƙusa, sannan an buga ta a jikin ƙarfen motar. Dole su zo ɗaya. In ka ga alamar walda ko goge-goge kewaye da wadda aka buga, ko haruffan sun karkace, to ka yi sallama ka kama gabanka.

Wannan samfurin, wanda 450SL ɗaya ce daga cikin ire-irensa, kamfanin ya ƙera shi daga 1971 zuwa 1989, kuma lambar kan fara da 107. In ka ga 107044, 450SL ce ta gaskiya. 107043 ta 350SL ce, 107042 kuma 280SL. Lambobi biyu da ke biye sun fi kowa tona asiri. Ta farko in 1 ce, sitiyari a hagu aka ƙera ta. In 2 ce, a dama. Ta biyu in 0 ce giyar hannu, in 2 ce atomatik. To 450SL da atomatik kaɗai ta fito daga masana'anta, saboda haka giyar hannun da ka gani ko dai ta zo tare da injin Toyotan, ko kuma motar ba 450SL ba ce tun asali. Sannan ka tuna Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972. In lambar ta ce sitiyarin dama ne amma yanzu yana hagu, da alama an ƙera ta ne don ƙasa irin Ingila, daga baya aka juya ta. Haka nan in fitilunta na gaba zagayayyu ne guda huɗu, da bamba mai tsawo, agogon gudu kuma yana ƙirga mil, ta Amurka ce. Motar da aka fara sayarwa a Amurka ta zama sabuwar motar wani babba a nan, ai sai an yi bayani mai yawa.

Kada ka ɓata kuɗinka a shafukan intanet masu binciken tarihin mota irin Carfax. Suna aiki ne da lamba mai gurbi 17, wadda ta zama doka a Amurka daga 1981, ita kuwa 450SL an daina ƙera ta a 1980. Abin da zai amfane ka shi ne sashen tsofaffin motoci na kamfanin Mercedes-Benz a Jamus. Suna ajiye da katin haihuwar motocinsu, mai ɗauke da lambar inji, lambar giya, launin fenti, irin kujeru da lokacin da ta bar masana'anta. Sukan nemi shaidar mallaka da ɗan kuɗi, don haka mai motar ne zai nema. Ka sa wannan cikin sharuɗɗan ciniki. Launin da ka gani a but sai ka gwada shi da na katin.

Wannan ya ba ka farkon zaren. Ƙarshensa yana hannun mai sayarwa, daga nan za ka riƙa komawa baya, hannu bayan hannu. A nan ne mutane ke gajiya, don sukan je ofis ɗaya a Gombe a ce babu fayil, sai su haƙura. Gombe ba ta zama jiha ba sai 1 ga Oktoban 1996. Daga 1976 zuwa lokacin tana ƙarƙashin Jihar Bauchi, kafin nan kuma Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. Motar da aka yi wa rajista a shekarun 1980, fayil ɗinta na iya kasancewa a Bauchi. An kuma sauya tsarin lambar mota a 1992, aka sake sabunta shi a 2011, wato mota ɗaya na iya ɗaukar lamba uku a rayuwarta. Don haka a ofishin lasin na hukumar tara haraji, ka bayar da lambar shasi, ka kuma nemi tsohuwar lambar rajistar motar. Duba gilasai ma, da yawa akan zana lambar mota a jikinsu saboda ɓarayi, kuma mai fenti ba ya iya shafe ta. Ka leƙa rajistar motoci ta 'yan sanda a tabbatar ba a taɓa kai rahoton satarta ba, ka tambayi takardar kwastan.

Amma gaskiya, rabin tarihin irin wannan mota a bakin mutane yake. Nemi tsohon bakaniken Marsandi a garin, da fanel bitan da ya yi fentin, musamman wanda ya sauke injin. Shi ya san wa ya kawo ta, a wace shekara, da inda tsohon injin ya tafi. Na taɓa bin diddigin wata mota a Bauchi, wata biyu takardu ba su kai ni ko'ina ba, sai wani dattijo da ya yi wa gidan mai motar tuƙi ya fito da hoton hawan sallah, ga motar a gefe, lambarta ta da tana karantuwa sarai. Da lambar nan muka samo fayil. In ka yi sa'a injinta na asali, V8 mai silinda takwas, yana yashe a wani gareji, lambarsa ta dace da katin, saye shi ko da ba ya tashi, don masu tara irin waɗannan motoci suna ƙara kuɗi sosai a kan motar da ke tare da injinta.

Abu ɗaya da ke jawo rigima bayan ciniki: in mai ita ya rasu, motar dukiyar gado ce. Ka tabbatar an raba, ta faɗo a kason mai sayar maka, ko magada duka sun sa hannu a gaban shaidu. In kotu ce ta raba, a kawo maka kwafin takardar. A yarjejeniyar sayarwa kuma a rubuta lambar shasi da lambar injin Toyotan da ke ciki yanzu, a gyara fatikula ta nuna shi, don kada jami'in duba motoci ya tare ka a hanyar Bauchi ya tarar takarda na faɗin wani inji daban.