Batun Kyanwa da Sabon Gida

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kun taso daga Agege kun koma Idi-Araba da kyanwar nan taku mai yawon dare, har wani ya tsorata ka cewa kulle ta a ɗaki zunubi ne, saboda hadisin matar da ta shiga wuta kan kyanwa. To, ka dubi hadisin da kyau. Matar nan ɗaure ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, kuma ba ta sake ta ta nemi abin da za ta ci a ƙasa ba. Kai da za ka ciyar da ita safe da yamma, ina haɗinku?

Kyanwa da hanci take gane gida. Ka taɓa lura da yadda take goga kumatunta a ƙafar kujera? Ƙamshinta take sawa, tana cewa nan nawa ne. A sabon wuri babu ko ɗaya, shi ya sa take laɓewa ƙarƙashin gado tana zare ido. Ku bar ta ɗaki guda mako 2 zuwa 3. Ku shimfiɗa mata tsumman da take kwanciya a kai can Agege, kada matarka ta wanke shi, duk dattinsa. Ku zuba yashi a tsohon baho don bayan gida, nesa da kwanon abincinta.

Ni na yi wannan kuskuren da muka canza gida a Mushin. Bayan kwana biyu kacal na buɗe wa tawa ƙofa. Sai bayan mako guda aka gan ta a bakin tsohon gidan, ta rame, duk jikinta ƙazantar kwata.

Ranar sakinta, ku zaɓi safiya, kafin ta ci komai, ka tsaya a tsakar gida, ka bar ƙofa a buɗe. Yunwa za ta dawo da ita idan ta ji an ƙwanƙwasa kwano. Da dare kuwa a ɗaki za ta kwana tukuna. Legas ba Katsina ba ce: ga motocin haya na danfo, ga okada, ga ruwan damina da ke cika kwata cikin minti kaɗan. Ka kuma leƙa maƙwabta ku gaisa, ka gaya musu taka ce, ka roƙe su su sanar da kai in za su sa maganin ɓera. Wasu a nan ba sa son ganin kyanwa cikin duhu, ka san zancen.

Ka gaishe min da iyali.