Amsa kan fayilolin kiɗan tsoffin gem

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina, na ji tambayarka, ka ce ka sauke kiɗan tsoffin gem, sun zo da .nsf da .spc, waya ta ƙi buɗe su, ko sun lalace ne. A'a, lafiyarsu ƙalau, kar ka goge.

Ka ga MP3, sauti ne da aka riga aka naɗa, kunnawa kawai za a yi. Waɗannan kuwa ba naɗaɗɗen kiɗa ba ne, umarni ne. NSF na na'urar gem ta Famicom ne, wato NES, wadda Nintendo ta fitar a Japan a 1983. Ɓangaren manhajar gem ɗin mai kula da kiɗa aka ciro, shi kenan. Sai manhajar da za ta kunna ta kwaikwayi injin, ta kaɗa maka shi yanzu-yanzu da muryoyi biyar da na'urar take da su, wato sautukan da take iya fitarwa a lokaci ɗaya. Shi ya sa za ka ga fayil ɗan mitsitsi, amma kiɗan gem gaba ɗaya yana ciki.

SPC kuma, to, wannan ya fi ba ni sha'awa. Super Nintendo tana da nata injin sauti daban, Sony ce ta ƙera shi, muryoyi 8, ƙwaƙwalwarsa kilobayit 64. Sai a ɗauke duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar nan daidai lokacin da kiɗa zai fara. Don haka duba, kowane SPC girmansa kusan ɗaya, ya ɗan haura kilobayit 64 kaɗan, kuma kiɗa ɗaya ne a fayil ɗaya.

VGM, wanda aka fi sani da kiɗan Sega, shi rubuta duk umarnin da aka aika wa injin sautin yake yi, bi da bi. Idan ka ga .vgz shi ne dai, matse shi aka yi. GBS na Game Boy ne.

A kwamfuta ka sa manhajar kunna kiɗa ta foobar2000 da ƙarin da ake haɗa mata don ta karanta kiɗan gem. In waya kake so, juya su MP3, amma ka ajiye na asalin. Kuma ka kula, yawancin kiɗan gem ba ya ƙarewa, zagayowa yake ta yi, sai ka faɗa wa manhajar minti nawa zai yi ya tsaya. In ka maƙale wajen juyawar, yi min magana.