Na tarar da sabobin da ban buɗe ba a asusuna, kutse ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da hosting, wato hayar saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet), kuma na rubuta ƙaramar manhaja da ke buɗe wa kwastoma saba ta API, hanyar da manhaja ke ba kamfanin sabobin umarni kai tsaye, da zarar ya biya kuɗin oda. Jiya na tarar da manyan sabobi a asusuna, babu odar da ta dace da ko ɗaya. Makon jiya na tura aikin zuwa GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, da mabuɗin API (lambar sirrin da manhajar ke shiga asusuna da ita) a ciki bisa kuskure, amma na goge shi nan take, abokina ma ya ce tunda na goge babu komai. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, shiga asusunka na kamfanin sabobin ka soke mabuɗin, ka ƙirƙiri sabo. Sauran bayani ba zai gudu ba.

Akwai yiwuwar manhajarka ce ta maimaita oda. Idan ta aika buƙatar buɗe saba, amsa ta yi jinkiri ko ta dawo da 504, lambar kuskuren ƙarewar lokacin jira, sai ta sake aikawa, alhali ta farkon ta shiga. Kamfanin sabobi na DigitalOcean ma lambar 202 yake mayarwa, wato ya karɓa yana kan aiki. Maganin shi ne kowace oda ta tafi da lambarta ta musamman, irin ClientToken na AWS, sashen sabobi na Amazon, ko ka binciki jerin sabobinka kafin ka maimaita. Amma da haka ne, da sabobin sun yi kama da waɗanda kwastomominka suka saya. Ka ce manya ne, babu odar da ta haife su. Wannan hannun wani ne, kuma galibi haƙar kuɗin kirifto ake yi da su, bil ɗin ya hau kanka.

Maganar abokinka ita ce ta fi ɓata mini rai, domin kusan kullum sai na ji ta. Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aikin da ka tura GitHub, ba ya mantuwa, aikinsa ke nan. Lokacin da ka goge layin ka sake turawa, sabon canji ka ɗora a kan tsohon, tsohon kuwa yana nan daram cikin tarihi, duk wanda ya rubuta umarnin git log -p zai ga mabuɗinka baro-baro. Ko ka sake rubuta tarihin gaba ɗaya, wanda ya kwafi aikin kafin nan yana da shi. Kuma ba mutum ne ke zaune yana dubawa ba, manhajoji ne ke bin duk abin da aka tura a fili dare da rana suna tsintar mabuɗai, cikin mintoci sun ɗauke. Wanda mabuɗin gidansa ya faɗi a kan hanya kwado yake canzawa, ba ya tsayawa share wurin da ya faɗi.

Wasu kuma sai su ce ai ma'ajiyar aikinsu a GitHub ta sirri ce. A 2016 masu kutse sun samu mabuɗan AWS na kamfanin sufuri na Uber ne a ma'ajiyar sirri ta GitHub, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57. Wasu su ce sun kunna tantancewa mai mataki biyu. Wannan tana tsare shiga da kalmar sirri ne kawai. Mabuɗin API ba ya jiran lambar da ke zuwa waya, an yi shi ne don manhaja ta yi aiki ba tare da kai ba. Laifin nan rabinsa na masu koyarwa a bidiyo ne, waɗanda ke liƙa mabuɗi tsakiyar shafin aiki don su gama da wuri, ɗalibi ya kwaikwaya ya tafi da shi kasuwanci. Amanar kwastomomi ce a hannunka, domin mabuɗin da ya buɗe saba zai iya rusa ta har da ajiyayyun kwafinta.

Sabon mabuɗin kada ya shiga cikin aikin. Ajiye shi a fayil ɗin .env, inda ake ware bayanan sirri, ka sa sunan fayil ɗin a .gitignore, jerin fayilolin da Git zai ƙyale ba tare da turawa ba, kuma kada ya taɓa sauka a burauzar kwastoma. Ka rage masa iko: kamfanin sabobi na Hetzner na ba da mabuɗin karatu kaɗai, manhajar WHMCS ta masu sayar da hosting kuma na bari ka taƙaita API ga adireshin IP ɗin sabarka. Duba mabuɗan SSH, waɗanda ake shiga saba da su daga nesa, da masu amfani da ke asusun, ka cire baƙi, don mai kutse yakan bar wa kansa ƙofa.

Sabobin nan kuwa ɗauki hoton bayanansu, lokacin da aka buɗe su da yankinsu, sannan ka rusa su kwata-kwata. Kashe su kawai bai isa ba, a DigitalOcean da Hetzner saba a kashe ma ana cajinta. Daga nan rubuta wa kamfanin da hujjojin ka nemi su duba bil ɗin, ka kuma faɗa musu lokacin da ka soke tsohon mabuɗin.