Yaro ya ce "to" ba lallai ya gane ba

Malam, ka ce in ka aiki yaron shagonka sai ya amsa da "to", amma ya dawo da wani abu daban. Ka daina tambayarsa ko ya gane. Ka sa ya maimaita saƙon da bakinsa kafin ya fita, nan take za ka ji inda maganar ta kauce.

Ina ɗinki a Kasuwar Barci, na kuma lura kunya ce ke sa yaranmu amsa "to", don ba a saba yaro ya ce wa babba bai fahimta ba. Ga ƙarar janareto da ta kekuna, rabin zancen ma ba ya kai kunnensa. Amma fa in ya maimaita da kuskure kada ka daka masa tsawa, ka gyara masa a hankali, in ba haka ba gobe bakinsa zai kama.