Maganin Zuciyar Da Aka Gwada A Kan Ɓera

Tambaya: Likita, barka da aiki. Baba na fama da bugun zuciya, wani lokaci ta riƙa sauri, wani lokaci ta yi tsalle. An ba shi magani a asibiti, sai wani ɗan'uwanmu ya ce a kan ɓeraye ake gwada irinsa. Tun ranar Baba ya ajiye maganin, wai shi ba ɓera ba ne. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu, karkarar Maigatari, Jigawa.

Amsa: Malama, ki gaishe min da Baba, Allah ya ba shi lafiya. Ɗan'uwanku bai yi ƙarya ba, rabin zancen kawai ya kawo.

Da ɓera ake farawa, amma ba a tsayawa a kansa. Zuciyar ƙaramin ɓera tana bugawa sau 500 zuwa 600 a minti ɗaya, ta baligin mutum kuwa 60 zuwa 100 in yana hutawa. Shi ya sa ake wucewa zuwa zomo da kare da alade, ana auna yadda maganin ke taɓa siginar lantarkin da ke tafiyar da bugun. Har da akuya! A 1995 masu bincike a Maastricht ta ƙasar Holan suka dasa wa awaki wayoyi a zuciya, suna hargitsa bugun da gangan. Suka gano cewa in hargitsin ya daɗe, zuciyar sabawa take yi da shi, har ta ƙi komawa daidai da kanta. Wannan ne ya sa ba na son jin cewa Baba ya ajiye magani.

Duk da haka dabba ba ta yanke hukunci. A 1989 a Amurka aka dakatar da ba wa waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya magungunan daidaita bugun zuciya guda biyu, flecainide da encainide, a wani babban gwaji. Magungunan sun rage tsallen zuciyar, amma mace-mace sun fi yawa cikin masu shansu. Gwaji a kan mutane ne ya tona wannan. Maganin da ke hannun Baba shi ma sai da ya bi ta gwajin mutane kafin ya shigo kasuwa.

Ki duba lambar NAFDAC a jikin kwalin. Ku koma asibiti da kwalin a hannu, ku gaya wa likita tun yaushe ya daina sha, a sake masa gwajin ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura. Kada a haɗa masa da jiƙo ba da sanin likita ba. In ya suma, ko ƙirji ya riƙe shi, ko baki ya karkace, kada ku jira ranar kasuwa, ku nemi mota nan take.