Tambaya da Amsa: Ina Son Aikin Gine-ginen da Ba Sa Shan Wuta

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne a aji huɗu, ina karanta injiniyan kanikanci a ABU Zariya, burina in yi aiki a harkar gine-ginen da ba sa shan wutar lantarki da yawa amma abokaina suna cewa wannan ai fagen masu zanen gini ne, ba namu ba. Don Allah ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokan naka ba su fahimci abin ba, domin lissafin zafin da ke shiga ɗaki ta kwano da bango da taga, da yadda iska za ta zagaya, da girman iyakwandishan ɗin da ya dace, duk aikinka ne, kwas ɗin nan na tafiyar zafi da kuke yi shi ne jarinka, ka riƙe shi da kyau.

Abin da ke damuna a garuruwanmu shi ne mutum zai yi gini da bulon siminti, ya rufa kwano ba silin na kirki, watan Afrilu ya zo ɗaki ya koma tanda, sai kuma a ce a kawo sola da batura na miliyoyi. A fara hana zafin shiga tukuna, sai solan da ake buƙata ta ragu sosai. Kakanninmu sun san wannan, ka shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana ka ji sanyin bangon ƙasa mai kauri. Kuma ba abin zamanin da ba ne kawai, Mariam Issoufou 'yar Nijar da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci a ƙauyen Dandaji na ƙasar Nijar da tubalin ƙasa da aka matse da inji.

Wata shidan SIWES ɗinka, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke zuwa, kada ka ɓata shi a ofis kana zaune, ka nemi kamfanin da ke haɗa wuta da famfo da sanyaya gini, ka riƙa bin su wurin aiki. Ka koyi manhajojin kwamfuta na Revit (na zanen gini) da EnergyPlus (na lissafin makamashin da gini zai ci), na biyun ma kyauta ne. Ka karanta ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, daga baya ka nemi satifiket ɗin EDGE, wato shaidar ƙwarewa a harkar gine-gine masu tsimin makamashi, da rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya.

Projek ɗinka na ƙarshe kuwa, ka auna zafin ɗakin ƙasa da na bulo a unguwa ɗaya tsawon bazara, ka rubuta alƙaluman kullum safe da rana da dare, shi za ka ɗauka ka tafi da shi intabiyu.