Ƙusa ɗaya daga cikin jirgin

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi dariya har na ajiye wayar, daga baya kuma dariyar ta koma ciki. Wai za ku je nutso kan wani jirgi da ya nutse, kana tambaya ko da gaske ba a ɗauko komai daga ciki, ko kuwa camfi ne na tsofaffin masu nutso, don kana son ko ƙusa ɗaya ce ka ajiye a ɗaki. Kai da ko wata huɗu ba ka yi da karɓar takardar shaidar nutso ba, ƙusa ce ta dame ka?

Ina da shekara talatin da 'yan kai na fara sauka kan Thistlegorm, a Bahar Maliya ta ɓangaren Masar. Jirgin Ingila ne mai dakon kayan yaƙi, jiragen saman Jamus suka sakar masa bam a watan Oktoba na 1941, mutum tara suka rasu. Yana kwance a zurfin kusan mita 30. Ruwan da ɗuminsa, amma yana ja, dole sai da igiya muka gangara. Da farko shuɗi kawai kake gani, can sai wata inuwa ta taso maka kamar dutse. Kan jirgin ƙasa guda yana gefe a kan yashi, inda fashewar ta wurga shi. Da muka shiga rumbun kaya na haska tocila, sai ga babura jere a bayan manyan motoci, kifaye na ratsa tagoginsu, ga takalman roba birjik.

A wannan zurfin kai yakan yi wani irin maye, naitirojin da ke cikin iskar da kake shaƙa ne ke kawo shi, sai ka ji komai daidai ne. Kuma a mita 30 iskar tukunyarka tana tafiya ninki huɗu na yadda take tafiya a sama. Duk na san wannan a takarda. Amma na ga takalmi ɗaya, na miƙa hannu, na tsaya ina jujjuya shi, ƙafata ta tayar da laka, wuri ya rufe ruf. Ban san ina ƙofa take ba. Hannun malamina kawai na ji a wuyan hannuna. Ya jawo ni fili, ya ɗago agogon iskata ya manna mini a fuska, allura ta shiga ja. Ya zare takalmin, ya mayar. Muka hau a hankali, muka tsaya minti uku a mita 5 kamar yadda ake yi don jini ya sauke naitirojin. Ban taɓa ganin minti uku masu tsawon waɗannan ba.

Har la'asar bai ce da ni uffan ba. Sai da muna wanke kaya ya ce, shi nasa malamin yakan ce hannun da ya riƙe tsaraba ba ya riƙe igiya. Ya ƙara da cewa jirgin da ya tafi da mutane kabari ne, baƙo kuwa ba ya fita daga maƙabarta da kaya a aljihu.

Na koma bayan shekaru. Sitiyarin motoci da dama babu, an ɓalle, kowa da 'yar ƙusarsa ɗaya. Abin takaicin, ƙarfen da ya daɗe a ruwan gishiri in ka fito da shi ruɓewa yake yi ya zama gari. Yaran yanzu kuma na ga sun juya wa jirgin baya, kyamara a kan sanda, suna ɗaukar fuskokinsu, ƙafafu na dukan murjani. Mu ma ba waliyyai ba ne, ka dai ji nawa labarin. Ƙasashe da yawa ma doka ta hana ɗauko kaya daga jirgin da ya nutse, in kana son ka ji ta nan.

Wanda ban ji ka ambata ba shi ne abokin nutsonka. Wane ne, sau nawa ya taɓa shiga cikin jirgi? In ba a koya maka shiga ba, ka zagaya ta waje, abin kallo ba ya ƙarewa. Kada kuma ka hau jirgin sama sai ka kwana ka wuni bayan nutson ƙarshe. Mahaifiyarka ta san da tafiyar nan kuwa, ko ni kake so in faɗa mata?